Maki 95 Cikin 100: Shin Harshen Ɗan Adam Ma'auni Ne?

A Turai da Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce su kurɓi giyar inabi, su juya ta a baki, su tofar, sannan su rubuta lamba. Wannan lambar kan ɗaga farashin kwalba ɗaya ya ninka, ko ta karya manomin da ya shekara yana wahala a gonarsa. Mafi yawan masu karanta mu ba sa shan giya, addini ya haramta, kuma likitanci ma bai wanke ta ba. To me ya kawo mu nan? Dalilin shi ne, da wuya ka sami wata sana'ar ɗanɗano da masu bincike suka tasa a gaba da gwaje-gwaje kamar wannan. Kuɗin da ke cikinta ya jawo masana ƙwaƙwalwa da masana tattalin arziki da masana lissafi, kowa ya zo da ma'auninsa. Abin da suka gano ya shafi duk mai harshe da hanci, da duk wanda ya taɓa sayen kaya saboda an ce masa masana sun yaba.

Tambayar da za mu bi ɗaya ce. Idan ƙwararre ya ce wannan kwalbar ta ci 95, waccan ta ci 89, me ya auna?

Abin da ke cikin kofin

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Giyar ƙasashe daban-daban ta bambanta da gaske, kuma ana iya nuna bambancin a ɗakin gwaji. Inabin da ya nuna a wuri mai zafi, kamar wasu sassan Kaliforniya da Ostareliya, ya fi tara sukari kuma tsaminsa ya fi raguwa. Tunda yisti ne ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa, giyar wuri mai zafi ta fi ƙarfi. Ta wuri mai sanyi, kamar arewacin Faransa da Jamus, ta fi tsami. Launin jar giya daga ɓawon inabi yake fitowa, haka ma wani sinadari da ake kira tanin, wanda ke kama sunadaran da ke cikin yawu ya bar baki a bushe. Duk wanda ya taɓa cin goro ya san wannan yanayin, shi ne bauri.

Harshe kansa abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da wannan ɗanɗanon na romon nama da daddawa. Mafi yawan sauran abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne, domin ƙamshin abin da ke baki yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa hanci. Shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya. A hancin ɗan adam akwai nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400, kuma binciken da Linda Buck da Richard Axel suka fitar a 1991 a kan waɗannan masu karɓar ne ya ba su kyautar Nobel a 2004.

Saboda haka idan mai ɗanɗano ya ce ya ji ƙamshin masoro a giyar Shiraz ta Ostareliya, ba lallai ne ƙarya yake ba. A 2008 masu bincike a Ostareliya sun gano sinadarin da ke jawo hakan, sunansa rotundon, kuma shi ɗin dai yana cikin masoro. Ƙamshin man shanu da ake ji a wasu fararen giya daga wani sinadari ne da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa, wanda kuma akwai shi a man shanun. Ƙamshin ɗanyen tattasai a giyar Cabernet ma yana da nasa sinadarin.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A wancan binciken na rotundon an ga cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa sam, komai yawansa. Haka ɗaci: akwai sinadaran da wani zai ji su kamar maɗaci, wani kuma ya ji kamar ruwa, saboda bambancin ƙwayoyin gado. Wato alƙalai biyu za su iya shan kwalba ɗaya, kowa ya faɗi gaskiyarsa, kuma su saɓa. Ma'aunin da kowane mutum ke da nasa daban, tun daga nan ya fara samun tangarɗa.

Ranar da Faransa ta ji kunya

Shekaru da yawa duniya ta yarda cewa giyar Faransa ba ta da na biyu. A 1855, bisa umarnin Napoleon na Uku, aka jera manyan gonakin yankin Bordo aji-aji, kuma abin da aka fi dubawa wajen jerin shi ne farashin da kowace gona ke sayar da kayanta. Wannan jerin yana nan har yau, kusan yadda aka bar shi.

Ranar 24 ga Mayu, 1976, wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier ya shirya gasa a birnin Paris. Ya tara manyan alƙalai Faransawa tara, ya zuba musu giyar Faransa da ta Kaliforniya ba tare da sun ga kwalaben ba. Kowa ya ɗauka Faransa za ta lashe. Da aka haɗa maki, a ɓangaren farar giya Chateau Montelena ta Kaliforniya ce ta zo ta ɗaya. A ɓangaren ja kuma Stag's Leap Wine Cellars, ita ma ta Kaliforniya, ta doke manyan sunaye irin su Mouton Rothschild da Haut-Brion. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya ne kawai ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma rahotonsa ne ya baza labarin.

Ana yawan ba da wannan labarin a matsayin hujjar cewa giyar Amurka ta fi ta Faransa. A ganinmu wannan karatu ne na gaggawa. Tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu a ɓangaren ja ba ta kai ko maki ɗaya cikin 20 ba. Alƙalan sun saɓa wa juna sosai, abin da wannan ya ɗaga wancan ya kayar. An yi zama ɗaya ne, rana ɗaya, da mutum tara. A lissafin ƙididdiga irin wannan tazarar za ta iya juyewa da an sake zaman washegari. Abin da gasar ta nuna da gaske ya fi ƙanƙanta, amma ya fi muhimmanci: da aka ɓoye tambari, fifikon da ake ta rantsuwa da shi bai bayyana a harshen masanan ba.

Ido da aljihu suna shiga kofi

A 2001 wasu masu bincike uku a Faransa, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu, suka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya a Jami'ar Bordo kofuna biyu, fara da ja, aka ce su siffanta ƙamshinsu. Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne, jar ɗin ita ce dai farar, an zuba mata launi marar ƙamshi ne kawai. Sai ga su suna siffanta ta da kalmomin da aka saba amfani da su ga jar giya, irin na jajaye da baƙaƙen 'ya'yan itace. Ido ya riga hanci magana, hanci kuma ya bi.

A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta suka matsa gaba. Suka sa mutum 20 a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana ɗiga musu giya ta siririn bututu ana gaya musu farashinta. Giya ɗaya aka ba su sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi. Da a nan abin ya tsaya, sai mu ce kunya ce ko son burgewa. Amma hoton ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke saman idanu, wanda ke da alaƙa da jin daɗi, ya fi motsawa lokacin da aka ambaci babban farashi. Ma'ana ba ƙarya suke yi ba. Farashin ya shiga cikin daɗin da suka ji. Wannan ya fi ƙarya wuyar magani, domin maƙaryaci ya san gaskiya, shi kuwa wannan ya yi imani da abin da yake faɗa.

A shekarar dai, Robin Goldstein da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi a rufe. Mutanen da ba su da horo, a matsakaici, sun ɗan fi son masu arha. Waɗanda suka sami horo ne aka ga alamar suna karkata ga masu tsada. Ka riƙe wannan bambancin, za mu dawo gare shi.

Alƙalin da ya saɓa wa kansa

Gwajin da ya fi kowane ciwo ya fito ne daga cikin gida. Robert Hodgson tsohon malamin jami'a ne da ya san lissafin ƙididdiga, kuma yana da ƙaramin kamfanin giya a Kaliforniya. Ya lura cewa kayansa kan ci lambar zinare a wannan gasar, a waccan kuma ko kallo ba a yi musu. Sai ya nemi izinin masu shirya gasar baje kolin jihar Kaliforniya, daga 2005 ya fara saka wa alƙalai giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, sau uku a cikin jerin kofunan da ke gabansu, ba tare da sun sani ba.

Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 na alƙalan ne kawai suka riƙa ba kofunan nan uku maki na aji ɗaya. Alƙali na yau da kullum makinsa kan yi lilo da kimanin 4 sama ko ƙasa. A wani binciken da ya biyo baya ya duba gasa 13 a Amurka. Cikin giya 2,440 da aka shigar a gasa fiye da uku, kashi 47 sun ci zinare a wani wuri, amma kashi 84 na waɗannan masu zinaren ba su sami komai ba a wata gasar.

Yanzu ka ɗora wannan a kan tsarin maki 100 da Robert Parker, wani lauya Ba'amurke, ya shahara da shi bayan ya kafa mujallarsa Wine Advocate a 1978. A kasuwa, tazarar 89 da 90 kan raba kwalbar da za ta kwana a kanti da wadda za a yi rububinta. To idan hannun mai awo na rawa da maki 4, mene ne ma'anar tazarar maki 1? Kamar mai awon hatsi ne da kwanonsa ke ƙaruwa yana raguwa, amma yana rantsuwa cewa ya san bambancin ƙwayar gero goma. Wannan shi ne babban laifin sana'ar a wajenmu. Lambar tana sanye da rigar kimiyya, alhali ba ta cika sharaɗin farko na awo ba, wato a maimaita a sami abu ɗaya.

Ko manyan cikinsu ma ba su tsira ba. A kan giyar Château Pavie ta 2003, Parker ya yaba matuƙa, ita kuwa Jancis Robinson ta Ingila, wadda ba ta gaza shi suna ba, ta ba ta 12 cikin 20. Babu wanda ya yi kuskuren awo a cikinsu, domin ba awo suke yi ba. Shi yana son mai kauri da ƙarfi, ita ba ta so. Ra'ayi ne, kuma ra'ayi ba laifi ba ne, in dai an kira shi da sunansa.

Haka dogayen siffofin nan da ake rubutawa, a ce an ji ƙamshi goma sha biyu a kurɓi ɗaya. Gwaje-gwajen David Laing a Ostareliya sun nuna cewa idan aka gauraya ƙamshi, mutane, har da ƙwararru, da wuya su iya tantance fiye da uku ko huɗu. Batun cewa ana jin ɗanɗanon duwatsun gona a cikin giya kuwa, masanin ilimin duwatsu Alex Maltman ya daɗe yana bayanin cewa ma'adinan da saiwa ke sha ba su da yawan da harshe zai ji su a kofi, kuma yawancinsu ba su da ƙamshi.

Tambari ya fi harshe

Labarai biyu sun nuna yadda suna ke tafiyar da kasuwar. A 2008 Goldstein ya ƙirƙiri gidan abinci na bogi a birnin Milan na Italiya, ya buɗe masa shafin intanet da lambar waya, ya biya dala 250, ya aika wa mujallar Wine Spectator jerin giyarsa, wanda a ciki ya cusa wasu da mujallar da kanta ta taɓa kushewa. Gidan abincin da babu shi ya ci lambar yabo. Mujallar ta kare kanta da cewa jerin take dubawa, ba ta taɓa cewa tana ziyartar kowane wuri ba. To amma mai karatun da ya ga lambar a bango bai san haka ba.

Na biyu shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya da ya zauna a Kaliforniya, wanda ya yi shekaru yana gauraya giya a gidansa yana ɗura ta a tsofaffin kwalabe masu manyan sunaye, attajirai da masana suna saya suna yabawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ka lura da inda nasa ya ƙure. A 2008 wani mai gona Bafaranshe, Laurent Ponsot, ya ga an kawo gwanjon kwalabe da sunan gidansu ɗauke da shekarun da gidan bai ma fara yin wannan nau'in ba, domin sai a 1982 suka fara. Kwanan wata ne ya tona asirin. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara 10 a 2014.

Adalci ga masu sana'ar

Duk da haka, masu cewa sana'ar gaba ɗaya damfara ce su ma sun wuce gona da iri. Gwajin Bordo da ake yawan kafa hujja da shi, ɗalibai aka yi wa, kuma siffanta ƙamshi aka ce su yi, ba a tambaye su ko ja ce ko fara ba. Wanda ya ce an tabbatar masana ba sa bambance ja da fara, ya ƙara gishiri. Gwajin hoton ƙwaƙwalwa kuma mutum 20 ne kacal, adadi ne ƙarami.

Horo yana aiki, a inda yake aiki. Akwai wani sinadari da ake kira TCA da kan ɓata giya ta hanyar toshiyar kwalba, ya sa ta warin jiƙaƙƙen kwali. Hancin da aka horar kan gano shi ko da 'yan nanogiram ne a lita, wato ƙasa da ɗigo ɗaya a cikin katafaren tafkin wanka. Ƙwararru sun fi kowa iya gano lalacewa, da sa wa ƙamshi suna, da hasashen nau'in inabi fiye da yadda sa'a kaɗai za ta bayar. Ann Noble ta Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ta tsara taswirar kalmomin ƙamshi a shekarun 1980 domin masu ɗanɗano su daina magana kowa da yarensa. Bambancin da Goldstein ya gani tsakanin masu horo da marasa horo ma ya nuna cewa akwai abin da horo ke koyarwa, ko da kuwa abin da yake koyarwa shi ne son abin da malamai ke so.

Matsalar ita ce tsallen da ake yi daga “wannan ta lalace” ko “wannan tana da bauri” zuwa “wannan ta ci 95”. Na farko bayani ne da za a iya gwadawa. Na biyu hukunci ne na son rai da aka rubuta da alƙaluma. Masanin tattalin arziki Orley Ashenfelter na Jami'ar Princeton ya nuna wata hanyar tun a shekarun 1980. Ya ɗauki ruwan saman hunturu, da zafin lokacin noma, da ruwan lokacin girbi a Bordo, ya haɗa lissafin da ke hasashen farashin da giyar kowace shekara za ta kai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu ɗanɗano sun yi masa ca, amma lissafinsa yana da abin da lambarsu ba ta da shi: kowa zai iya maimaita shi ya ga inda ya dace da inda ya kauce.

Abin da ya rage mana

Masana kimiyyar abinci suna da gwaji mai sauƙi da ake yi da kofi uku. Biyu abu ɗaya ne, ɗaya daban, mai ɗanɗano bai san wanne ne ba, shi ma mai miƙa masa bai sani ba. Aikinsa ya nuna na daban. Mai cankar banza zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai an maimaita sau da yawa, an ga ya zarce wannan adadin sosai, kafin a yarda yana jin bambanci. Kamfanonin abinci da abin sha suna amfani da shi kafin su canja kayan haɗi.

Ba sai da giya ake wannan gwajin ba. Wanda ya rantse yana gane zumar asali da harshe, da wadda ta ce ganyen shayin waje ya fi na gida, da mai turaren da ke cewa hancinsa ba ya kuskure tsakanin na dubu biyar da na dubu hamsin, duk kofi uku ko ƙyalle uku sun isa a fara. Wasu za su ci gwajin, kuma sun cancanci a saurare su. Wasu za su gano cewa kwalin suke sha.

Idan kuma ka ga an manna wa kaya maki ko lambar yabo, a kwalba ne ko a talla, tambayoyi huɗu sun isa. Alƙalin ya ga tambari da farashi kafin ya yanke hukunci? Mutum nawa ne suka yanke? An sake ba su abin a ɓoye don a ga ko za su maimaita maganarsu? Wa ya biya kuɗin gasar? Lambar da ba ta da amsar waɗannan, ka ɗauke ta a matsayin ra'ayin mutum ɗaya a rana ɗaya, ka kuma biya kuɗinka daidai da haka.